Farin Sawu a Bayan Layi

Kofin ya ɓata ne a ɗan tsakanin nan da aka tashi sallar Azahar. Kafin a tashi yana kan tebur a ɗakin ajiya, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ni da hannuna na lulluɓe shi. Da aka dawo Madam Agnes ta shiga ɗauko shi, sai ta tarar da ƙyallen a ninke tsaf a gefen tebur, kofi kuwa ya ce ɗauke ni inda kika ajiye.

Sunana Hamsatu, tela ce ni a Fadaman Mada. Ni nake ɗinka wa 'yan matan Madam Agnes dogayen wanduna da rigunan da suke wasa da su. Wasan nasu sunansa jimnastik, amma mu a unguwa alkafura muke ce masa, kuma har gobe ban ga inda muka yi kuskure ba. Yara ne ƙanana, babbarsu ba ta gama firamare ba. Sukan shafa garin alli a hannu da ƙafa don kada santsi ya kwashe su, su hau wata shimfiɗeɗɗiyar katifa mai farin layi a gefe, su yi ta juyi a sama kamar ba ƙashi a jikinsu. Wadda ta taka bayan layin nan, an rage mata maki.

Ranar gasar ƙarshe ce. Tun kafin a tashi salla aka faɗa a lasifika cewa Yasmin, 'yar Alhaji Auwalu mai atamfa a Kasuwar Muda Lawal, ita ta zo ta ɗaya. Peculiar, 'yar maƙwabcinmu Amos mai walda, ta zo ta biyu, da ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba. Bayan salla za a miƙa kofi, sai ga wannan.

Kafin ka ce kwabo zauren ya kacame. Wata mata mai jan mayafi, wadda ban san ta ba kuma ba na fatan in sake ganinta, ta miƙe ta ce ai ita ta ga yarinyar nan da ta zo ta biyu ta shige ɗakin ajiya tana kuka. Shi ke nan, ido ya koma kan Peculiar. Yarinyar da a gabana aka haife ta, wadda in ta tsinci allura a shagona sai ta miƙo min.

"Madam, a kira 'yan sanda kawai," in ji Alhaji Auwalu. Ya riga ya ɗauko makaɗa daga Ƙofar Wambai, suna zaune a waje da kalangu suna jiran a fito da kofi. "Ni ban ce wance ce ba. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Amos ya riƙe hannun 'yarsa, jijiyar wuyansa ta tashi. "Alhaji, yarinyan nan bai ɗauka ba. Ni na san abin da na haifa. In kofi ne, gobe zan haɗa maku wani da ƙarfe, ku bar min yaro na."

Madam Agnes ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce dokar ƙungiya ita ce duk yarinyar da aka kama da ɗauke-ɗauke an sallame ta. Ni kuwa ba sallamar ce ta tsaya min a rai ba. Na san garinmu. In yarinyar nan ta fita ƙofar zauren nan ba a wanke ta ba, har ta yi jika ana nuna ta ana cewa ga ɓarauniyar kofi.

Na ce, "Madam, kada kowa ya sake shiga ɗakin nan. Ki ba ni ɗan lokaci in kira maigidana."

* * *

Maigidana kowa Baffa yake ce masa, har ni na bi jama'a. Ya yi aikin gadin daji a Yankari har ya yi ritaya, kuma aikinsa a can bin sawu ne: na giwa, na ɓauna, na mafarautan da ke shiga a ɓoye. Tun da ya dawo gida bai daina ba. Mutum ne da zai dube ƙofar gida ya ce min, "Yau mai kunun aya ta zo, kuma ƙafarta ta hagu na ciwo." Wani lokaci abin ya burge ni, wani lokaci in ji kamar in share tsakar gida da shi a ciki.

Shi ya kawo ni a babur, amma ya ƙi shiga, wai hayaniya. Na same shi a gindin dogonyaro yana ɓare gyaɗa. Na zazzage masa labari numfashi ɗaya.

"An share ɗakin?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Ana maganar mutuncin yarinya kana maganar shara?"

"To ai shi nake tambaya," ya ce. Ya karkaɗe rigarsa ya miƙe, ba sauri ba gaggawa, kamar wanda aka kira ɗaurin aure.

Ɗakin ajiyar yana bayan teburin alƙalai, a kusurwar da ta fi nisa da 'yan kallo. An kewaye wurin da igiya, kuma dokar Madam ce ba mai tsallake igiyar nan da takalmi. Da safe wata yarinya ta yi tuntuɓe da kwanon alli a daidai nan, garin ya bazu a siminti ya yi fari fat. Baffa ya cire takalminsa, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi ta duban ƙasa har na fara jin haushi. Sannan ya shiga yana taka gefe-gefe, ya duba tebur, ya duba ninkakken ƙyallen, ya tsaya gaban wani ƙaton akwatin katako da yara ke tsallakewa, ya ɗaga marfinsa da ƙyar ya leƙa, ya dawo.

Ya yafito ni. "Zo ki gani. Ga ƙafar yarinya ta shiga. Ba ta je wurin tebur ba. Ta wuce bayan tarin katifun can, ta zauna, ta daɗe. Ga inda diddigenta ya yi ta goga ƙasa."

"Ka gani ko! Sai ka fita ka faɗa masu."

"In faɗa masu me? Cewa ta shiga? Ai abin da suke faɗa ke nan." Ya rage murya. "Kofin ma na san inda yake. Bai bar ɗakin nan ba."

Na zabura. Ya riƙe min gefen mayafi.

"In kin fito da shi yanzu, cewa za a yi ita ta ɓoye, ta ji tsoro ta nuna. Kofi ba ya gudu, Hamsatu. Mai ƙafa muke nema."

Ya nuna min wani abu a ƙasa da ni ban ɗauke shi a bakin komai ba. Duk sauran sawun gari ne, in ka hura ya tashi. Amma akwai wasu manya da suka daskare suka manne wa siminti kamar an shafa farar ƙasa. Ya kankare ɗaya da farce. Na tambaye shi ma'anarsa, ya ce shi ma yana tambayar kansa.

* * *

Peculiar muka fara kira. Ta zo idonta ya kumbura, tana riƙe da gefen zanina.

"'Yata, me kika shiga yi a ɗakin can?" Baffa ya tambaye ta.

"Kuka na je yi, Baffa. Madam ta ce ba a kuka a gaban mutane in an kayar da kai."

"Da kika fito kofin na nan?"

"Yana nan a rufe. Ban ma kalle shi ba, don in na kalla zan sake kuka."

"Wa kika bari a zauren?"

"Ba kowa. Duk an tafi salla, su Madam kuma suna waje suna raba shinkafa."

Baffa ya ba ta gyaɗa, ta karɓa da hannu biyu. Ni kuwa zuciyata ta riga ta yanke hukunci. Na ce masa a duba jakar Izzuddeen mai hoto, don tun safe yake yawo da wata ƙatuwar jaka, kuma na gan shi yana shafa kofin nan kamar ya ga amarya. Aka kira shi. Bawan Allah ya zazzage jakar a gabanmu yana rantsuwa: wayoyi, batura, rabin burodi, da wata rigar da ta kwana biyu ba ta ga ruwa ba. Baffa ko kallon jakar bai yi ba, ƙafarsa ya kalla. Kambas ne a ƙafarsa ɗaure tam da safa, ya ce tun safe bai cire ba, shi sai ya koma gida yake haɗa sallolinsa. Baffa ya ce Allah ya shirye shi, ya sallame shi.

"Zato zunubi," ya ce da ni.

"Ko da ya zama gaskiya, na sani. Ci gaba da aikinka."

Sai Yasmin. Na zaci zan ga yarinya tana tsalle don ta ci, ko tana kuka don an sace mata kofi. Ko ɗaya. Ta tsaya tana murza yatsu, kai a ƙasa. Baffa ya tambaye ta ko ta shiga ɗakin, ta ce a'a. Ya tambaye ta ko ta ga wani ya shiga, ta ce a'a. Har ya sallame ta, sai ta juyo.

"Baffa, in ba a ga kofin ba, shi ke nan ba wanda ya ci?"

"Kina so a gan shi?"

Ta buɗe baki, sai ta hango babanta yana tahowa, ta rufe. Ta ruga wajensa.

Baffa ya bi ta da kallo. "Yarinyar nan ba ta son kofin nan," ya ce. "Na so in ce ita ce. Biri ya yi kama da mutum. Amma marfin akwatin can ko ni sai na yi nishi nake ɗaga shi, kuma ƙafar da ta je wurin ta babban mutum ce." Ya sosa gemu. "To me zai sa wadda ta ci ta ƙi abin da ta ci?"

* * *

Ya koma wurin manyan sawun nan da suka daskare. Maimakon ya bi su zuwa inda suka je, sai ya bi su da baya zuwa inda suka fito. Suka fitar da mu daga ɗakin, suka bi gefen katifar wasa, suka kai mu kusurwa, inda wata farar kujerar roba take. Nan sawun ya taru wuri ɗaya, ya hau kan juna.

"Nan ya tsaya," in ji Baffa. "Ya tsaya, ya juya zai tafi, ya dawo. Mutumin nan ya yi shawara da zuciyarsa a nan." Ya ɗaga kai. "Madam, kujerar nan a nan take zama?"

Madam Agnes ta matso. "A'a, Baffa. Na mai duba layi ne, amma can baya ake sa shi, kusa da bango. Ba a sa kujera a bakin layi, yaro zai iya bugewa. Wane ne ya jawo shi nan?"

Baffa ya ɗaga kujerar a hankali ya ajiye gefe. A ƙarƙashinta, a bayan farin layin, ga sawun ƙaramar ƙafa ɗaya, yatsu biyar cif, kamar an buga hatimi.

Madam ta dafa ƙirji. "Yesu! Wannan ai fita ne."

"Na wace ce?"

"Muna goge wurin da tsumma kafin kowane yarinya ya hau. Wanda ya yi na ƙarshe..." Ni ma na tuna. Yasmin ce ta rufe wasa.

"In an ga wannan, me zai faru da makin?"

"Za a rage. Kuma abin da za a rage ya fi abin da ya raba su. Peculiar ne na ɗaya." Ta zauna a gefen katifa. "Amma mai duba layi bai ɗaga tuta ba, Baffa. Mu daga tebur ba ma ganin wannan kwana. Shi ya sa ake sa mutum."

Ni nan take na ce ai magana ta fito, mutanen Alhaji ne suka rufe don kada a gani. Baffa ya girgiza kai.

"Mai son a ɓoye sawu, tafin ƙafa ɗaya ya ishe shi ya goge. Wannan kujera ya ɗora masa don kada a taka. Yadda muke yi ke nan a daji, mu kifa ƙwarya a kan sawu har manya su zo su gani. Ba ɓoyewa ya yi ba, ajiyewa ya yi."

Ya bi sawun ya ƙara gaba kaɗan, har bakin igiya, daidai ƙofar baya. Ya leƙa waje. Famfo ne a wurin, da butoci a jere, ƙasa a jiƙe. Ya tsaya yana kallon butocin nan, sai na ga ya yi ɗan murmushin da yake yi in ya gano inda kaza take ƙwai.

"Madam," ya ce, "a shimfiɗa mana babbar tabarma a nan. Ki kira min Alhaji, da Amos, da yaran biyu, da mai hoto, da duk wanda ya yi alƙalanci yau. Kowa ya hau tabarma, za mu yi magana irin ta gida."

* * *

Aka hallara. Alƙalan tebur mata ne biyu, tsofaffin malaman wasanni. Sai mai duba layi, Malam Hafizu. Shi ba ɗan wasa ba ne ko kaɗan. Malamin Islamiyya ne a Ƙofar Wambai, ya rako ɗalibansa ne, Yasmin na cikinsu. Matar da aka sa duba layi ɗanta ya kwana da zazzaɓi ba ta zo ba, Madam ta waiga ta ga mutum kamili, ta danƙa masa jar tuta ta ce in ƙafa ta fita ya ɗaga. Na san shi sama-sama. Irin mutanen nan ne da in suna gaishe ki, ƙasa suke gaisarwa. Da safe na hango shi a kujerarsa, tuta a cinya, carbi a hannu, har na ce a raina kai, wannan bawan Allah akwai natsuwa.

Kowa ya tuɓe takalmi a bakin tabarma ya zauna. Baffa ne ƙarshen hawa. Ya daɗe a wurin takalman nan, wai yana neman inda zai ajiye nasa.

Ya zauna ya yi sallama, ya tambayi Alhaji kasuwa, ya tambayi Amos aiki. Alhaji ya ƙosa.

"Baffa, makaɗa na jira, rana na yi."

"Yanzu kuwa, Alhaji. Abu na farko, ba a saci kofi ba. Yana cikin akwatin tsallen can, an kwantar da shi a kan soso don kada ya ƙuje. Ɓarawo ba ya ninke ƙyalle, ba ya tausayin kofi."

"To wa ya sa shi?" in ji Alhaji, ya ɗan saci kallon Peculiar. Amos ya gani, ya yunƙura, na dafa shi.

"Garin allin nan," Baffa ya ci gaba, "in busasshiyar ƙafa ta taka shi, gari ne, ana karkaɗewa ya zube. In jiƙaƙƙiyar ƙafa ta taka, sai ya zama kwaɓi, ya bushe ya kama. Wanda ya ɗauki kofin nan daga famfo ya fito, da ruwan alwala a ƙafarsa. Ya zo igiya ya tuɓe takalmi, don mai bin doka ne. Ya ga wani abu a bakin layi, ya tsaya a kansa. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya mai da ƙafarsa cikin takalminsa ya tafi masallaci." Ya dubi tabarma, bai dubi kowa ba. "Na duba takalman da ke bakin tabarmar nan. Ɗaya daga ciki akwai farin tafin ƙafa a manne a cikinsa. Ban ɗauko ba. Na fi son mai shi ya ɗauko da kansa."

Daga waje ana jin wani makaɗi yana gwada kalangu.

Malam Hafizu ya ajiye carbinsa a kan tabarma.

"Nawa ne," ya ce.

Alhaji Auwalu ya juya gaba ɗaya. "Malam? Kai?"

"Ni ne, Alhaji." "Da aka ba ni tutar nan na ji nauyin in ce a'a a gaban mutane. Da aka fara kuma, na ga 'ya'ya mata ne suna juyi, sai na kasa ɗaga ido. Tun tasowata ba a koya min kallon mace ba, babba ko yarinya. Na ce a raina ai yara ne gwanaye, ba mai fita. Na sunkuyar da kai har aka gama. Da na yi alwala na biyo ta nan in ɗauki hulata, sai na ga sawun."

"Sai ka faɗa mana!" in ji Madam.

"Na nufi in faɗa. Na leƙa, kina cikin mutane. Ga Alhaji ya kira makaɗa. Ga shi ana dawowa za a miƙa. Na ce in kofin ya shiga hannu, magana ta ƙare, na ci haƙƙin yarinya. Sai na ce bari in jinkirta shi, in an idar da salla in ja ki gefe. Ina dawowa na tarar an riga an kama sunan wannan baiwar Allah." "Na so in miƙe in yi magana, na kasa. Kunya ta hana ni kallo da safe, ta hana ni magana da rana."

Ni dai tausayinsa bai kama ni ba a lokacin, gaskiya. Na ce, "Malam, kunyar taka yarinya ce ta biya kuɗinta." Baffa ya dube ni, amma ban janye ba.

Sai ga 'yar murya daga bayan Alhaji. Yasmin ce.

"Baba, na taka. Na ji ƙafata a siminti. Na jira tuta, ba ta tashi ba. Na so in gaya maka, ka riga ka kira Hajiya a waya kana cewa na ci."

Alhaji Auwalu ya cire hularsa ya riƙe. Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Na yi zaton faɗa zai yi, don mutum ne mai son a san ya iso. Sai ya jawo ta jikinsa, ya juya wajen Amos.

"Amos, na yi maka laifi a gaban jama'a. Ka yafe ni."

Amos ya share fuska da tafin hannu. "Alhaji, ni kofi bai dame ni ba. A gaban mutane aka ɓata sunan yaro na. A gaban mutane za a gyara. Da wancan abin magana."

Ya nuna lasifika. Kowa ya dubi Malam Hafizu. Ya gyaɗa kai.

* * *

Kafin Malam ya miƙe, Peculiar ta saki zanina. Ta tako har gabansa ta tsaya.

"Malam," ta ce, "nawa wasan ma ba ka gani ba?"

Na ji tambayar nan har cikin ƙashina. Yarinyar nan tun kafin azumi take atisaye a tsakar gidansu, ina jin dirarta ta katanga ina ɗinki.

"Ban gani ba, 'yata," ya ce, kansa a ƙasa.

"To ta yaya za ka faɗa masu ni ban fita ba?"

Ba wanda ya yi wannan tunanin, har Baffa. An goge sawunta tun kafin Yasmin ta hau. Madam ta fara cewa ai ba komai, doka ta ba ta. Peculiar ba ta saurare ta ba. Ta je wurin kwanon alli ta tsoma ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Yasmin ta tashi ba wanda ya aike ta, ta ɗauki tsumma ta goge kusurwar tas, har da nata sawun.

Baffa ya mai da farar kujerar inda take, kusa da bango. Ya ɗauko jar tutar ya miƙa wa Malam Hafizu.

"Malam, ni shekara da shekaru ina bin giwa, ban cika ganin fuskarta ba. Ba a ce ka kalli kowa ba. Layi aka ba ka, da ƙafa."

Ya karɓa ya zauna. 'Yan kallo suka ga abin da ake yi, hayaniya ta lafa da kanta. Babu kiɗa, babu tafi. Peculiar ta tsaya a can ɗaya kusurwar, ta ɗaga hannu ɗaya sama. Ta sheƙo da gudu, ta dafa, ta juya, ta sake juyawa, ta tashi sama har na rufe ido ɗaya, ta dira daram a gaban kujerarsa. Garin alli ya ɗan tashi ya kwanta.

Malam Hafizu ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana dubawa. Tutar tana cinyarsa ba ta motsa ba. Ya miƙe, ya taka zuwa teburin alƙalai ba takalmi, ya ɗauki abin magana da hannu biyu. Sai da ya yi gyaran murya sau biyu kafin ta fito.

"Jama'a, assalamu alaikum. Sunana Hafizu. Ni na ɓoye kofi, kuma zan gaya maku dalili. Amma kafin nan, yarinyar nan Peculiar Amos ba ta ɗauki komai ba, kuma ƙafarta tana cikin layi." Ya ɗan tsaya. "Na gani da idona."